Hoton Dala a Cikin Kayan Gado: Yadda Aka Yi wa Wani Tsohon Zanen Birnin Kano Kuɗi

Lamarin ya taso ne daga rabon gado. Wani dattijo, tsohon ma'aikacin gwamnati da ya koma kasuwanci bayan ya ajiye aiki, ya rasu a wata unguwa ta cikin ganuwa, ya bar mace ɗaya da 'ya'ya maza da mata. Allah ya jiƙansa. Da aka share makoki sai aka zauna lissafin abin da ya bari. Gida da fili da mota da rumfa a Kantin Kwari duk akwai waɗanda suka san yadda ake yi musu kuɗi, aka kira su suka yi. Abu ɗaya ne ya gagara: wani hoto mai firam da ya daɗe a rataye a ɗakin baƙinsa, zanen birnin Kano na da, an hango shi daga kan tudu, an kuma shafa masa launi.

Labarin da ake bayarwa a gidan shi ne wai wani Bature ne ya hau Dala ya zana shi da hannunsa, ya ba kakansu tun zamanin Sarki Abbas. Ɗaya daga cikin samarin gidan ya ɗauke shi a waya ya shiga intanet, sai ya ci karo da mai kama da shi a shafin wani mai sayar da tsofaffin littattafai a Turai, an sa dubban daloli a ƙasansa. Daga nan magana ta canza. Babban wansu ya kawo shawarar a sa hoton a kason autarsu, wadda take karatun zanen gine-gine a jami'a, a madadin mafi yawan abin da zai zo mata daga kuɗin rumfa. Ina so a fahimce shi da kyau, ba cutarta ya nufa ba. A ganinsa ya zaɓar mata mafi daraja ne, kuma abin da ta fi kowa so a gidan. Malamin da aka ɗauko don rabon ne ya ce ba zai sa hannu a kan abin da ba a san haƙiƙanin kuɗinsa ba. Ta haka aka neme ni, don sana'ata tsofaffin littattafai da takardu ce.

Da tambaya ɗaya suka zo, nawa ne. Ita kuwa ba ta amsuwa sai an san da me aka yi abin, yaushe aka yi shi, wa ya sa masa launi, kuma me ya same shi daga wancan lokaci zuwa yau.

Abin da bayan firam ya faɗa

Ban yarda a kawo mini hoton shago ba. Kayan gado amana ne, kuma idan abu ya bar gida ya dawo da ƙimar da ba a so, zargi ba ya wuyar shigowa. A ɗakin marigayin aka buɗe shi, a gaban babban wan da autar. Aka kashe fanka, aka shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, duk abin da aka cire sai an ɗauke shi a waya kafin a taɓa na ƙarƙashinsa.

A waje filawud ne da ƙananan ƙusoshi, aikin mai firam na nan gida wanda suka ce ya taɓa canza gilashin da ya fashe. A ƙarƙashinsa akwai tsohon kwali ɗauke da tambarin wani shagon sayar da tsofaffin hotuna a Landan. Lambar tarhon da ke jikin tambarin ta fara da 01, kuma lambobi ne zalla, babu haruffa. Landan ta fara komawa lambobi zalla a 1966, ta kuma rabu da 01 a 1990. A gefe an rubuta farashi da fensir, fam da ɗigo da sabon kwabo, ba fam da sule da kwabo irin na da ba, Ingila kuwa a watan Fabrairun 1971 ta koma wannan lissafin. Ke nan tsakanin 1971 da 1990 hoton ya bar shagon nan. Sarki Abbas ya yi sarauta ne daga 1903 zuwa 1919.

Da na faɗi haka sai babban wan ya yi shiru. Na ce ko an tambayi mahaifiyarsu. Ba a tambaye ta ba, wai tana takaba ba a son a dame ta. Autar ce ta shiga ta nemo izini, muka gaisa daga bakin ƙofa. Na ce, "Hajiya, ko kin tuna yadda hoton nan ya shigo gidan nan?" Ta ce, "Ai Alhaji ne da kansa ya zo da shi, shekarar da aka tura shi kwas Ingila. A cikin rigar sanyinsa ya naɗo shi don kada gilashin ya fashe. Abin Baba kuwa, kakan yaran nan, takardar yabo ce da Turawa suka ba shi, a kusa da juna aka rataye su, ita ce gara ta cinye." Labari biyu ne suka haɗe a bakin yara suka zama ɗaya. A irin wannan aiki na daɗe da lura cewa matan gida sun fi kowa sanin tarihin kayan ɗaki, kuma su ake mantawa da tambaya.

Sai dai shekarun firam ba su ne shekarun hoto ba. Tambarin shagon ya ce abin ya haura shekara ɗari, bai ce komai a kan launin ba. Dole a bincika takardar kanta.

Takarda da tawada

Abu na farko shi ne a tabbatar ba bugun zamani ba ne, domin yanzu ana ɗauko tsofaffin zane daga intanet a buga su a kan takarda mai ruwan ƙasa a sayar. Madubin masu gyaran agogo, mai ninka abu sau goma, ya isa wannan aiki. Bugun injin zamani ɗigo-ɗigo ne, ko dai jere a tsare da launuka huɗu, ko a warwatse. A nan babu ɗigo ko ɗaya, layuka ne baƙaƙe masu kaifi. Na kuma haska shi da fitilar nan mai shuɗin haske da 'yan canji na Wapa suke duba jabun kuɗi da ita. Tun shekarun 1950 ake zuba wa yawancin takardu wani sinadari na ƙara fari, wanda yake ƙyalli a ƙarƙashin wannan haske. Takardar hoton ba ta yi ƙyalli ba, sai wani siririn yanki da aka lika a bayan wata yagewa a kusurwa. A kula, rashin ƙyalli shi kaɗai ba ya tabbatar da tsufa, ƙyallin ne yake tabbatar da sabunta. A nan ya nuna cewa facin sabo ne, bai kuma ƙaryata tsufan takardar ba.

An manna hoton a kan kwali da gam, amma kusurwa ɗaya ta saki. Duk wanda ya taɓa ɗaga tsohon littafin malamai na rubutun hannu ga rana ya san abin da ake gani: siraran layuka a jikin takardar, sau da yawa har da alamar jinjirin wata guda uku, irin takardar da fatake suka riƙa kawowa daga Italiya ta Tarabulus. Wannan ba ta da layi ba ta da alama, sumul take, shara-shara, aikin inji. Da na cusa hasken tocila ta kusurwar da ta saki kuwa sai ga rubutun ɗab'i a bayanta, da Faransanci, a jere gida biyu. Ba a zanen hannu a bayan shafin da aka riga aka buga. Wannan warƙa ce da aka yanko daga mujalla ko littafi.

Saura a gane wace irin ɗab'i ce, domin a nan ne kuɗi yake bambanta. A ƙarni na 19 hanyoyi uku ne suka fi yawa. Akwai sassaƙa a kan farantin tagulla ko na ƙarfe: a tona layukan a jikin farantin, a cusa tawada a cikinsu, a goge saman, a matse takarda mai danshi a kai da ƙarfin gaske. Saboda matsar, gefen farantin yana barin shati kewaye da hoton, tawadar kuma tana ɗan tasowa har a gan ta idan aka hasko ta a kaikaice, bayan takardar kuma galibi babu komai. Akwai bugun dutse, wanda wani Bajamushe, Alois Senefelder, ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1790: a yi zane da alli mai maiƙo a kan shimfiɗaɗɗen dutse, a jiƙa dutsen, tawada ta kama wurin maiƙon kaɗai. A madubi inuwarsa tsaki-tsaki take, babu shati, babu tudu. Ta uku ita ce sassaƙar katako. A yanko katako mai tauri a gicciye, a goge shi ya yi santsi, a sassaƙe duk inda ake son ya fito fari, a bar layukan a tsaye, kamar hatimin ofis. Amfaninta a wurin masu ɗab'i shi ne ana jera katakon tare da haruffa a buga su gaba ɗaya, shi ya sa ta zama abin jaridu da mujallu, shi ya sa kuma ake samun rubutu a bayanta.

Namu babu shati, babu tudun tawada, babu tsaki-tsaki. Sararin samaniyarsa jerin layuka ne a kwance, wasu masu kauri wasu sirara, kuma a wuraren duhu ana ganin fararen layuka da aka yanka a cikin baƙi, abin da ke nuna hannun mai sassaƙar katako. Da aka ɗaga kwalin da ya kewaye fuskar hoton sai ga layin bayani da aka ɓoye a ƙasa, an datse rabinsa, amma sunaye uku sun tsira: Kano, Lancelot, Barth.

Da waɗannan sunaye asalin ya fito fili. Heinrich Barth Bajamushe ne da gwamnatin Ingila ta ɗauki nauyin tafiyarsa. Ya taso daga Tarabulus a 1850, ya biyo ta Agadas da Katsina, ya shigo Kano a farkon Fabrairun 1851, zamanin Sarki Usman ɗan Ibrahim Dabo. Da sunan Abdulkarim aka san shi, yana jin Larabci yana jin Hausa. A unguwar Dala ya sauka, ga zazzaɓi ga bashi, duk da haka ya zaga gari, ya hau dutsen ya zana abin da ya hango. Ya ƙiyasta mazauna birnin da 30,000, ya ce sukan ninka a watannin fatauci, ya kuma rubuta cewa tufafin da ake saƙawa a rina a Kano suna kaiwa har Tambutu da Murzuk da Tarabulus. A watan Maris ya wuce Kukawa, ya sake biyowa ta Kano a 1854.

Labarin tafiyarsa ya fito a juzu'i biyar a 1857 da 1858, da Jamusanci da Ingilishi. Amma hotunan da ke ciki ba hannunsa ba ne. Zanensa na fensir aka miƙa wa wani mai zane, Johann Martin Bernatz, wanda ya taɓa zuwa Habasha amma bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, shi ya gyara su ya cike su, aka buga su da bugun dutse mai launi. A 1860 wata mujallar tafiye-tafiye ta mako-mako da aka fara a Faris, Le Tour du Monde, ta kawo taƙaitaccen labarin Barth da Faransanci. Nan ma aka ba wani mai zane, Lancelot, ya kwaikwayi hoton littafin, sannan wani masassaƙi ya tona shi a katako. Warƙar da ke gabanmu daga wannan mujalla take. Ta haura shekara 160, wannan gaskiya ne, ba jabu ba ce. Abin da saurayin nan ya gani a intanet kuwa cikakken littafin ne, juzu'i biyar na bugun farko da taswirorinsu, mai sayarwa ya sa hoton Kano ne kawai a matsayin talla.

Wannan ruwaya ce da ta bi ta hannu huɗu kafin ta iso, kuma na farkon ne kaɗai ya ga Kano da idonsa. Ina jaddada haka ne don na ga yadda samarin gidan suke nuna wani soro suna cewa Gidan Rumfa ne, wani kuma yana neman unguwarsu. Abin da za a iya dogara da shi shi ne fasalin gaba ɗaya, wanda ya dace da abin da Barth ya rubuta: sorayen ƙasa masu shimfiɗaɗɗen rufi a cakuɗe da ɗakunan ciyawa, bishiyoyin dabino, da fili mai yawa a cikin ganuwa wanda yau duk ya zama gidaje. Amma babu gini ɗaya a ciki da zan iya rantsuwa cewa wane ne. Yawan bishiyoyi, tsayin soraye, tsayuwar mutane, duk sun sha gyaran waɗanda burinsu shi ne shafi ya yi wa mai karatu a Turai kyau. Duk da haka ba abin rainawa ba ne. Hotunan kyamara na Kano sai bayan shekaru da dama suka zo, kuma kusan duk lokacin da aka so nuna birnin kafin zuwan Turawa a 1903, wannan hange na kan Dala ake komawa.

A kan launin na fi daɗewa, domin shi ne abin da ya fi burge magada, shi ne kuma mafi rauni a cikin abin. Fentin ruwa ne aka shafa da buroshi, babu shakka. A madubi ana ganin inda ya tsallake layi, da inda ya taru ya yi duhu a bakin shafa kafin ya bushe. Hannu ne ya sa shi. Tambayar ita ce hannun wane zamani. Mujallar nan da baƙar tawada kaɗai take fitowa a lokacin, saboda haka ba daga maɗaba'a launin ya zo ba. Sannan takardar tana da ɗigo-ɗigon tsatsa irin wanda danshi yake haifarwa cikin shekaru masu yawa, kuma shuɗin samaniya a kan ɗigon ya hau, ba ɗigon ne ya ɓullo ta cikinsa ba. Har a kan yagewar da aka yi wa faci da sabuwar takarda fentin ya bi ya wuce. Ke nan an yi facin tukuna sannan aka shafa launi, facin kuma ba zai girmi shekarun 1950 ba. Wannan sananniyar al'ada ce ta masu sayar da tsofaffin hotuna: a farke littafi ko mujalla, a ba wani ya shafa wa shafukan launi, a sa a firam don masu yawon buɗe ido. A wurinsu ba ha'inci ba ne muddin ba a ce launin na asali ne ba, kuma tambarin nan bai ce ba, shiru ya yi.

Ko babu madubi, ɗan Kano zai gane cewa mai fentin bai san garin ba. Ya yi wa soraye fari da ruwan ƙwai, irin na garuruwan bakin tekun Arewacin Afirka. Ginin Kano na da kuwa tubali ne na jar ƙasa, a rufa da azarar giginya, a shafe da makuba, launinsa tsakanin ja da ruwan ƙasa, kamar yadda har yau ake gani a Gidan Makama da ragowar ganuwa. Ya kuma sanya wa mutane jajayen riguna da koraye, bai ba kowa shuni ba, a garin da marinar Ƙofar Mata take, garin da Barth kansa ya ce arzikinsa a kan saƙa da rini yake. Wannan ya dame ni fiye da yagewar. Yagewa kowa yana ganinta ya san lahani ce. Launin ƙarya kuwa kyau yake ƙarawa, yaro ya tashi yana kallonsa a bango ya ɗauka haka garin kakanninsa yake. Autar ce ta fara cewa, "Yaya, ai dama na daɗe ina mamakin farin nan, ban dai taɓa faɗa ba ne."

Lafiyar takardar ba ta da kyau sosai, ba ta kuma lalace ba. An datse gefunanta har an ci rabin layin bayani, an manna ta da gam, kwalin da ya kewaye ta ya bar mata zobe mai ruwan ƙasa saboda tsamin da ke jikinsa, filawud ma ya ƙara nasa, rana kuma ta kashe ja da kore a ɓangaren da ke fuskantar taga. Gara ba ta taɓa ta ba, wannan kam sa'a ce.

Kuɗin

Farashi iri uku ne ake rikitawa. Akwai abin da mai shago ya sa a shafinsa, wanda yana iya shekara da shekaru babu wanda ya taya. Akwai abin da aka sallama a gwanjo, wanda shi ne shaida ta gaske. Akwai kuma abin da mai saye a Kano zai ƙirga ya bayar yau. A rabon gado na ukun nan ne abin dubawa, tare da na biyu, domin magaji ba da farashin talla zai biya kuɗin makaranta ba.

Mujallar mako-mako dubbai ake bugawa, kuma ɗaurarrun kundayenta suna nan da yawa a Turai, har an ɗauke shafukanta an sa a intanet kyauta. Warƙa ɗaya daga cikinta, ko mai cikakkiyar lafiya, gomomin daloli ake sayar da ita. Da a ce shafin bugun dutse ne daga littafin 1857 da ya fi haka, da a ce zanen fensir ne na hannun Barth da magana ta zama ta gidajen tarihi, amma ba ko ɗaya ba ne. Sai a cire datsewa da manni da koɗewa. Sai a ɗan ƙara saboda Kano ce a jiki kuma a Kano muke, inda ba a rasa mai otal ko mai kishin tarihi da zai so shi a bango. Kasuwar ba ta da faɗi, kuma akwai waɗanda ba sa rataya hoto mai siffar mutane a gidajensu, ɗaya daga cikin magadan ma ya faɗi haka a fili. Na rubuta ƙimar ƙasa na rubuta ta sama, da naira bisa canjin ranar, kuma ko saman bai kai dala 100 ba.

Wani daga cikin samarin ya ce, "To Malam, kai nawa za ka saya?" Na ce ba zan saya ba ko an ba ni a rabin haka. Wanda ya yi wa abu kuɗi ba ya zama mai sayensa, kuma ladansa ba a ɗaura shi da ƙimar da ya faɗa, a yanke shi tun kafin a buɗe firam. In ba haka ba, ko ya faɗi gaskiya zuciyar magada ba za ta kwanta ba.

Mutane sun fi tsoron a karya wa kayan gado kuɗi, kuma suna da hujja, dillalai sun sha yin haka. Amma a wannan gida haɗarin ta ɗaya gefen yake. Bayan an fitar da tumunin Hajiya, namiji yana ɗaukar kason mata biyu, wato dama kason autar shi ne ƙarami. Da an rubuta hoton a dubban daloli aka sa mata, da an zabtare mata wannan adadi daga kuɗin rumfa an raba wa sauran, ita kuma ta tashi da warƙar mujalla. Babu wanda zai yi niyyar zalunci, kowa zai tashi yana ganin an kyauta mata, haƙƙin marainiya kuma ya tafi. Ranar da ta kai shi kasuwa ta ji gaskiya, zumuncin gidan ne zai biya.

Babban wan bai karɓa nan take ba, ban kuma ga laifinsa ba, abu ne da ya tashi yana jin labarinsa tun yana yaro. Ya ce, "Malam, ka tabbata?" Na ce kada ya tsaya a kan maganata, ya aika hotunan gaba da baya da na layin bayanin zuwa wani gidan gwanjo a Turai, da yawansu suna duba hoto su faɗi ra'ayinsu kyauta. Ya aika. Amsar da ta zo ita ce abin na gaske ne, launin na baya ne, kuma kuɗinsa bai kai su sa shi a gwanjo shi kaɗai ba. Na kuma gaya masa cewa ko da wata rana an so fitar da shi waje, a fara tuntuɓar hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979 kuma Gidan Makama yake ƙarƙashinta, domin ita ke ba da izinin fitar da kayan tarihi, kuma gara a riƙe takardarta da a tsaya gardama a filin jirgi.

Aka sake lissafi. Aka sa hoton a kason autar a kan ƙimar tsakiya, aka ba ta cikakken rabonta na rumfa ban da wannan ɗan adadi. Sauran suka nemi kwafi, sai aka ɗauke shi da sikana mai kyau aka buga wa kowa, na kuma ba da shawarar a buga wasu baƙi da fari, don su suka fi kusa da yadda ya fito a 1860.

Abin da na fi ja mata kunne a kai shi ne lamineshan. Shi ne abin da kowa yake fara tunani a garin nan idan takarda tana da muhimmanci, shi ne kuma yake kashe ta gaba ɗaya, domin zafi da gam suna shiga jikinta, ba a kuma iya cire ledar ba tare da an ɗaye fuskar ba. Haka ma salatif, yana narkewa ya bar tabon da ba ya fita. Aka jefar da filawud ɗin, aka adana tsohon kwalin Landan a ambulan dabam tunda shi ne shaidar tafiyar mahaifinsu, aka sa sabon kwali marar tsami wanda ya raba takardar da gilashi, aka toshe bayan firam saboda ƙurar hunturu. Za a rataye shi a bangon ciki wanda ba ya shan ruwa da damina, nesa da taga, a riƙa sauke shi ana duba bayansa saboda gara. Gam ɗin da ya riƙe shi a kan kwalin ƙarƙashi na ce kada kowa ya gwada ɓanɓare shi da ruwa ko da reza. Aikin ƙwararren mai gyaran takarda ne, ladansa kuma zai iya fin kuɗin hoton, don haka ta ce za ta bar shi a yadda yake zuwa ta gama makaranta.